Gicciyen dutse na harabar coci a Ingila: abin da ke cin su da yadda ake kare su

A ƙauyukan Ingila da dama, wanda ya shiga harabar tsohon coci zai tarar da wani tudun matakalar dutse a tsakiyar kaburbura, galibi kudu da ginin, hawa biyu ko uku ko huɗu, da guntun ginshiƙi a samansa wanda sau da yawa bai wuce ƙugun mutum ba. Baƙo sai ya ɗauka kabarin wani babba ne. Ragowar gicciyen harabar ne, kuma a wurare da yawa ya girmi duwatsun kaburburan da ke kewaye da shi da ɗaruruwan shekaru. Hukumar Historic England, wadda ke kula da kayan tarihin ƙasar, ta ƙiyasta cewa an taɓa samun gicciyen tsaye fiye da 12,000 a Ingila, idan aka haɗa na coci da na kasuwa da na bakin hanya, yawancinsu an kafa su ne tsakanin tsakiyar ƙarni na 10 da tsakiyar na 16. Waɗanda suka rage yau ba su kai 2,000 ba, har da marasa kai a cikin lissafin.

A zamanin da aka kafa su, talaka ba ya samun dutse a kan kabarinsa. Sai a ƙarni na 17 wannan al'ada ta fara yaɗuwa, don haka gicciye ɗaya ke tsaya wa dukan mamatan garin. Ranar Lahadin ganyen dabino, mako guda kafin Ista, jama'a kan fito daga coci a jere su tsaya a gindinsa a karanta Bishara, hannuwansu riƙe da rassan itatuwan ƙasar tunda dabino ba ya fitowa a can. A 1229 bishop na Worcester, William de Blois, ya sa a dokokin dayosis ɗinsa, wato yankin coci-cocin da ke ƙarƙashinsa, cewa a kafa gicciye a harabar coci saboda wannan jerin gwano. A yankin Herefordshire har yanzu ana ganin ɗan gurbi da aka sassaƙa a gindin wasu, inda ake kyautata zaton nan ake ajiye kayan ibada a ranar. Wa'azi da shela ma a gindinsa ake yi.

Yadda aka gina shi

Samfurin da ya fi yawa sassa huɗu gare shi. Daga ƙasa akwai matakala, mai kusurwa huɗu ko takwas ko zagayayya. Daga waje sai ka ce dutse ne zalla, amma duwatsun fuska ne kawai aka jera, cikin kuwa tsakuwa ce da ƙasa da ɓaraguzai. A kan matakalar akwai dutsen gindi, ƙato guda ɗaya, wanda ƙasansa kusurwa huɗu ne, aka fafe kusurwoyin sama ya koma takwas, aka huda rami a tsakiyarsa. A cikin ramin nan ginshiƙi ke tsayawa, kamar taɓarya a turmi, sai dai an narka dalma an zuba a kewayensa, ta sandare ta riƙe shi. Ginshiƙin kan fara da kusurwa huɗu, ya koma takwas, yana sirancewa zuwa sama. A can sama akwai ɗan wuya, sannan kai. Wani kan gicciye ne kawai, wani kuma an yi shi kamar ɗan ɗaki mai fuska biyu ko huɗu, da siffar Yesu a kan gicciye a gefe guda, Maryamu da jariri a ɗaya gefen. Wanda ke son ganin cikakke sai ya nufi Somersby a Lincolnshire, inda na ƙarni na 15 ke tsaye har da kansa na asali.

Akwai waɗanda suka girmi wannan samfuri nesa ba kusa ba. Na Bewcastle a Cumbria, na wajen ƙarshen ƙarni na 7 ko farkon na 8, ginshiƙi ne guda da ya haura mita 4, an sassaƙa masa siffofi da rassan inabi da tsohon rubutu, kansa ya ɓata tuntuni. Na Gosforth, shi ma a Cumbria, na ƙarni na 10 ne, siririn jan dutsen yashi mai tsawon kimanin mita 4.4, wanda ya haɗa labarin Kirista da almarar mutanen arewacin Turai da suka zauna a yankin. Irin waɗannan kowa ya san darajarsu. Matsalar tana wurin gutsattsarin da ba su da ado, waɗanda su ne mafi yawa.

Hannun mutum ne ya fara sare su. Bayan Sarki Henry na Takwas ya raba gari da Cocin Roma a 1534, a zamanin ɗansa Edward na Shida aka ba da umarnin kawar da siffofi daga coci, kuma a 1548 aka hana al'adar rassan dabino, wato gicciyen ya rasa babban aikinsa. Bugu na biyu ya zo lokacin yaƙin basasar Ingila. A watan Agustan 1643 majalisa ta zartar da dokar rushe gicciye da siffofi a coci da harabarsa. A shekarar ne aka rushe babban gicciyen Cheapside a Landan, kuma William Dowsing, wakilin ɓangaren majalisa, ya bi coci-coci a Suffolk da Cambridgeshire yana sa ana farfasa abin da ya tarar. Kai aka fi nema, domin a nan siffofin suke. Wasu mutanen gari sun ɓoye nasu. A Ampney Crucis da ke Gloucestershire, sai a ƙarni na 19 aka gano kan gicciyensu na ƙarni na 15 a toshe cikin bangon cocin, aka mayar da shi mazauninsa.

Gutsattsarin da suka rage an ba su wasu ayyuka. An daddatse ginshiƙai da yawa aka ɗora musu farantin agogon rana. A Gosforth ɗin ma an sare gicciye na biyu a 1789 domin haka. Bayan yaƙin duniya na farko, garuruwa da dama sun ɗora sabon ginshiƙi da sabon kai a kan tsohuwar matakala, suka rubuta sunayen sojojinsu da suka mutu. Shi ya sa abu ɗaya kan ƙunshi aikin zamani uku, kuma mai gyara dole ya san wane dutse ne na wane zamani kafin ya taɓa komai.

Ruwa, ƙarfe da siminti

Yau ba mai zuwa da guduma. Ruwa ke yin ɓarnar, kuma abubuwa kaɗan ne ke buɗe masa hanya.

Na farko yana cikin halittar dutsen. Dutsen farar ƙasa da dutsen yashi hawa-hawa suka kwanta a ƙasa, kuma sun fi ƙarko idan aka ajiye su yadda suka kwanta. Amma mai neman dogon ginshiƙi guda ɗaya ba shi da zaɓi sai ya yanko shi a kwance ya miƙar da shi tsaye, sai shimfiɗun su koma a tsaye, bakinsu na kallon sama. Ruwan sama ya shiga tsakaninsu, sanyin hunturu ya mai da shi ƙanƙara, ƙanƙara kuwa ta fi ruwa girma da kusan kashi 9 cikin 100. Shekara bayan shekara fuskar ginshiƙin ta riƙa ɓarewa falle-falle. Guntun da ya rasa kai ya fi shan wahala, don samansa a buɗe yake. Ramin dutsen gindi ma, in dalmar ta saki ko an sace ta, ruwa ke taruwa a ciki, kuma ƙanƙara kan tsaga dutsen daga ramin zuwa kusurwa.

Na biyu ƙarfe ne. Magina kan ɗaure duwatsun matakala da maƙalan ƙarfe, su haɗa gaɓoɓin ginshiƙi da sanda a ciki. Idan an lulluɓe ƙarfen da dalma sosai yakan daɗe lafiya. Idan ba a yi ba, kamar yadda aka sha gani a gyare-gyaren ƙarni na 19 da farkon na 20, sai ya yi tsatsa, tsatsa kuma tana cin wuri ninkin ba ninkin ƙarfen da ta fito daga gare shi. Daga ciki take turo dutsen har ya fashe. Alamarta jan tabo da ke gangarowa daga mahaɗa, ko tsaga da ta miƙe daga gaɓa zuwa sama da ƙasa, ko wani ɓangare na matakala da ya ɗago ba dalili.

Na uku siminti. Tun da aka yi rajistar simintin Portland a 1824, sannu a hankali ya kori kwaɓin farar ƙasa daga hannun magina. A tsohon dutse illa yake yi. Ya fi dutsen tauri, ba ya barin danshi ya fita ta mahaɗa, kuma yana ɗauke da gishirin da ke shiga jikin dutsen. Danshin da ya rasa hanya sai ya fita ta dutsen kansa, gishiri ya taru a ƙarƙashin fuskar, ta rududduge. Bayan wasu shekaru sai ka ga layin siminti ya yi tsaye cirko-cirko, dutsen da ke gefensa ya zaizaye ya koma ciki. A garuruwan da suka sha hayaƙin kwal kuma, dutsen farar ƙasa kan yi baƙin ɓawo a wuraren da ruwan sama ba ya wankewa, ɓawon ya kumbura ya faɗo da sassaƙar da ke ƙarƙashinsa.

Ƙasar maƙabarta ba ta zama wuri ɗaya. An haƙa ta an sake haƙawa ɗaruruwan shekaru, kaburbura na lotsawa, saiwoyin itatuwa na ratsawa. Idan gefe guda na matakala ya nutse, mahaɗai su buɗe, ruwa ya wanke ƙasar ciki, tsiro ya samu wurin zama, ginshiƙi ya fara karkata. Tsiro mai yaɗo da Turawa ke kira ivy ya fi kowanne ta'adi idan saiwarsa ta shiga mahaɗa. Kuma kuskure ne a fizge shi da ƙarfi, don da dutse yake tahowa.

Sai kuma ɓarnar masu son alheri, wadda a ganina ita ce mafi saurin aukuwa. Kwamitin tsabtace harabar ya zo da injin feshin ruwa mai ƙarfi, ko burushin waya, ko bilic, a yini ɗaya ya kankare abin da ruwan sama zai ɗauki shekaru masu yawa bai ci ba. Injin yankan ciyawa mai igiya yana zane matakalar ƙasa duk mako a lokacin bazara. Wayar da ake ɗaura furannin tunawa da sojoji tana barin tsatsa. Wani ya shafa maganin hana ruwa shiga, ya kulle danshi a ciki. Ƙananan tsirran nan da ke manne wa dutse, waɗanda masana ke kira laikin, galibi ba sa cutarwa sosai, kuma an ƙirga irinsu fiye da 600 a harabobin cocin Ingila, wasu ba a cika samunsu a wani wuri ba. Barinsu ya fi kankare su.

Doka hawa uku

Dokar farko ta kare kayan tarihi a Biritaniya ta 1882 ce, wadda ɗan majalisa John Lubbock ya yi ta fafutuka a kanta. Wadda ke aiki yau a Ingila ita ce ta 1979. A ƙarƙashinta ake sa wuri a jerin kayan tarihin ƙasa masu kariya, waɗanda yawansu ya kusan 20,000. Cocin da ake ibada a cikinsa ba ya shiga wannan jeri, amma gicciyen da ke harabarsa yana shiga, kuma an shigar da su da yawa a shekarun 1990. Abin lura a takardar shigarwar shi ne ba dutsen kaɗai take karewa ba. Takan haɗa da ƙasar da ke ƙarƙashinsa da tazarar mita ɗaya ko biyu a kewaye. Takan cire duwatsun kaburbura da daɓen hanya da suka faɗo cikin tazarar, amma ƙasar da ke ƙarƙashinsu tana ciki. Dalili shi ne idan gicciyen bai taɓa gusawa daga mazauninsa ba, to ƙasar nan na riƙe da shaidar yadda aka kafa shi da lokacin da aka kafa shi, wani lokaci har da abin da ya riga shi a wurin. Da wannan ma'auni guntun dutse marar ado da ke mazauninsa na asali zai iya cancantar kariya.

Duk aikin da zai taɓa irin wannan wuri, ko da cike mahaɗa ne, sai da rubutaccen izini daga sakataren gwamnati mai kula da al'adu, ta hannun Historic England. Ba a biyan kuɗin nema. Yin aiki ba izini laifi ne, lalata wurin da gangan ko da ganganci kuma na iya kai mutum ga tara ko ɗaurin da ya kai shekara biyu. Yawo da na'urar gano ƙarfe a wurin ma sai da lasisi. An bar ƙofa ɗaya: idan abu na shirin faɗo wa mutane, ana iya yin mafi ƙarancin aikin da zai kawar da haɗarin, a sanar da hukuma nan take a rubuce.

Hawa na biyu shi ne jerin gine-ginen tarihi na dokar 1990, mai daraja uku: I da II* da II, inda fiye da kashi 90 cikin 100 ke daraja ta II. Gicciye da yawa suna cikin jerin biyu a lokaci guda. Idan haka ta faru, dokar 1979 ce ke gaba.

Hawa na uku na cocin ne kansa. Cocin Ingila, mai gine-gine kusan 16,000 a dayosis 42, yana da kotunansa, kuma keɓaɓɓiyar harabar coci tana ƙarƙashinsu. Majalisar cocin gari za ta kai bayanin aikin ga kwamitin ba da shawara na dayosis, a liƙa sanarwa ga jama'a na kimanin wata guda, sannan alƙalin dayosis ya ba da izini ko ya hana. Nan ne mutane suka fi tuntuɓe: izinin coci ba ya maye gurbin na gwamnati a kan gicciyen da ke jerin 1979, na gwamnati ma ba ya maye gurbin na coci. Duka biyun ake nema. Masu kula da coci kan yi ƙorafin jinkiri, kuma da gaskiyarsu, amma jinkirin nan shi ne ke hana a kira birkila da buhun siminti ranar Asabar.

Doka ta hana ɓarna, sai dai dokar 1979 ba ta tilasta wa mai wuri ya yi gyara ba. Kula da harabar nauyin majalisar cocin gari ne, wadda a ƙauye sau da yawa tsofaffi ne 'yan kaɗan da rufin coci mai yoyo a gabansu. Tun daga 1955 ake buƙatar masanin gini ya duba kowane coci duk shekara biyar, kuma a rahotonsa ne tsagar gicciye kan fara bayyana, galibi can ƙasan jerin. Idan an rufe maƙabartar a hukumance, dokar ƙananan hukumomi ta 1972 ta ba majalisar cocin damar miƙa kulawar ga majalisar gari da sanarwar wata uku, ita ma tana iya turawa ga majalisar gunduma. Daga nan mai yankan ciyawa ɗan kwangila ne wanda ba lallai ya san abin da ke gabansa ba. Kuɗin gyara kan fito ne daga tallafin Historic England, da asusun kayan tarihi na cacar ƙasa, da ƙungiyar kula da abubuwan tunawa da yaƙi ta War Memorials Trust idan gicciyen ya zama abin tunawa da sojoji.

Gyaran da ya dace

Ana farawa da rubutu da awo. A ɗauki hoton kowace fuska, a zana kowane dutse a ba shi lamba, a auna karkatar ginshiƙi, a sake aunawa bayan watanni. Gicciyen da ya karkata tun shekara ɗari biyu ya tsaya a haka ba ya bukatar a miƙar da shi. Wanda karkatarsa ke ƙaruwa shi ne abin tsoro. Da na'ura ake gano inda ƙarfe ke ɓoye ba tare da an fasa ba.

Tsiro mai itace a yanke shi a gindi, a bar shi ya bushe, sannan a zare. Tsohon siminti da hannu ake cire shi, da siraran kurfi, ban da injin yanka, kuma in cirewar za ta fi barinsa ɓarna sai a bar shi. Ana rarake mahaɗa zuwa zurfin da ya kai ninki biyu na faɗinta, a jiƙa, a cusa kwaɓin farar ƙasa da yashi mai kaifi, kusan awo ɗaya na farar ƙasa ga biyu da rabi ko uku na yashi. Ƙa'idar ita ce kwaɓin ya fi dutsen laushi, domin shi ake so ya lalace a sake shi, dutsen ya tsira. Farar ƙasa a hankali take kamawa, saboda haka ana rufe aikin da jiƙaƙƙen buhun algarara na kwanaki, kuma ba a yin sa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5. Wanda ya yi aikin a ƙarshen kaka zai tarar da kwaɓinsa ya zube kafin bazara.

Ƙarfen da ya yi tsatsa ana huda kewayensa a zare shi, a sa wanda ba ya tsatsa ko tagulla. Fallen da ya fara rabuwa ana ɗura masa ruwan kwaɓi mai laushi ta baya, a toshe bakinsa na sama don ruwa ya zame. Idan matakala ta wargaje har sai an kwance ta, da majanyu masu laushi ake ɗaga duwatsun, masanin tono kayan tarihi na tsaye, domin da wuya a haƙa ƙasar nan ba a ci karo da ƙasusuwan mutane ba. Kowane dutse ya koma gurbinsa da fuskarsa. Ba a sake sassaƙa siffar da ta goge. Wannan ra'ayi na gyara ba tare da ƙirƙiro sabon abu ba ya samo ƙarfi ne daga ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine da William Morris ya kafa a 1877, don adawa da masu mayar da tsohon coci sabo fil.

Sata ma tana cikin lissafi, musamman ga ƙananan gicciyen dutse mai tauri na Cornwall da Dartmoor waɗanda mota za ta iya ɗauka. A can an ɓoye wa da yawa ƙananan na'urorin shaida a jiki, yadda za a gane su in sun ɓulla a kasuwa.

Gardamar da ba ta ƙare ba ita ce ta masu sassaƙa mai daraja: a bar su a waje ruwa na ci, ko a shigar da su ciki? A Sikotilan an gwada hanyoyi biyu. Gicciyen Ruthwell na ƙarni na 8, wanda aka farfasa a 1642, limamin garin Henry Duncan ya harhaɗa shi ya tsayar a 1823, sannan a 1887 aka gina masa ɗaki a jikin cocin, aka zurfafa daɓen don tsawonsa ya samu shiga. A tsibirin Iona kuwa, gicciyen Yohanna da iska ta kayar fiye da sau ɗaya an kai gutsattsarinsa ɗakin ajiya, aka kafa kwafin kankare a gurbinsa a 1970. Bewcastle da Gosforth har yau suna waje. Masu son a bar su sun ce wurin da gicciye yake tsaye rabin ma'anarsa ne, kuma ɗaga dutse mai tsaga haɗari ne, ga shi dutsen da ya sha gishiri na iya ci gaba da rududdugewa idan ya bushe a ɗaki mai ɗumi. Masu son a shigar da su kuma suna nuni da kwafin filasta da aka ɗauka a ƙarni na 19, irin na Gosforth da ke gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, suna cewa a gwada shi da na asali a ga abin da ya rage. Ga gicciye mai siffofi da rubutu, hujjar shigarwa tana da nauyi idan awo ya nuna zaizayar na ci gaba. Ga guntun ginshiƙi a kan matakala kuwa, wanda yawancin darajarsa na cikin mazauninsa da ƙasar da ke ƙarƙashinsa, cire shi asara ce, kuma abin da yake bukata bai wuce a toshe mahaɗansa da farar ƙasa, a hana tsiro kafa saiwa, a yanke ciyawar gindinsa da almakashi ba.